Yadda Za Ka Zaɓi Manhajar Haɗa Kiɗa a Kwamfutar Gida Idan Kai Sabon Shiga Ne

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, samari da yawa da a da suke hawa mota zuwa Khartum ko Omdurman don shiga situdiyo sun koma neman hanyar haɗa kiɗansu a ɗaki. A Gadarif, da Kasala, da Sinnar, da Mai Wurno, za ka tarar da yaro yana da murya, yana da littafi cike da baitoci, wani ma yana da org, wato fiyanon lantarki, da yake zuwa biki da shi, ga kuma tsohuwar kwamfutar da yayansa ya aiko masa daga Jidda. Manhaja kawai ta rage masa. A nan kuwa ake ɓata watanni, domin duk wanda ka tambaya tasa zai yaba, ya ce maka ita ce ta ƙwararru.

Abin da nake gaya wa ƙannena kullum shi ne, manhajar da ta dace da kai ita ce wadda za ka iya gama waƙa ɗaya da ita, tun daga bugun farko har fitarwa, a kan kwamfutar da ke gabanka, da wutar da kake samu, da kuma irin kiɗan da kunnenka ya tashi da shi. Ga yadda za ka gano ta.

Mataki na farko: ka san aikin da za ta yi maka

Abubuwa biyu ne suke shiga irin wannan manhaja, kuma wanda bai bambance su ba zai yi ta sayen abin da ba ya buƙata. Na farko sauti ne na zahiri, wato muryarka ko bugun kalangu da makirufo ya ɗauka. Na biyu shi ne MIDI, tsarin da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983. MIDI ba shi da ƙara ko kaɗan. Umarni ne kawai: an danna maɓalli kaza, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Kamar baitocin da ka rubuta a littafi ne, kowane mawaƙi ka miƙa wa zai rera su da muryarsa. Shi ya sa za ka iya buga amshi da sautin fiyano yau, gobe ka mayar da shi sarewa ko akodiyon ba tare da ka sake bugawa ba, ka ƙara masa sauri, ka gyara wurin da yatsa ya zame.

To, ka tambayi kanka a wane rukuni kake. Akwai wanda ba ya iya buga komai, da linzamin kwamfuta zai riƙa jera kiɗansa ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai org, wanda hannunsa ya riga ya faɗa, abin da yake nema shi ne inda zai ɗauki bugunsa ya ɗora murya a kai. Akwai kuma mai ƙasida ko madahu, wanda aikinsa murya ce da 'yan amshi, sai ko mandiri. Mutum na farko yana buƙatar manhaja mai ƙarfi wajen jera MIDI. Na biyu da na uku sun fi buƙatar wadda ta iya ɗaukar sauti layi bisa layi.

A nan zan ambaci Audacity, don kusan kowa da ita yake farawa. Kyauta ce, tana da kyau wajen ɗaukar murya da yanke ta da rage hayaniya. Amma ba a gina ta don jera kiɗa ba. Idan wa'azi ko karatu za ka ɗauka, ta ishe ka. Idan waƙa ce mai ganguna da amshi, wuce gaba.

Mataki na biyu: duba ƙarfin kwamfutarka kafin ka sauke komai

A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai ka shiga ɓangaren Performance. Abu uku za ka rubuta a takarda: sunan injin, yawan RAM, wato wurin da kwamfuta take riƙe aikin da take kai, da ko ma'ajiyar irin ta zamani ce mai sauri da ake kira SSD ko tsohon faifai mai juyawa.

RAM mai gigabait 4 za ta ɗauki aiki mara nauyi, amma da gigabait 8 ne hankali zai kwanta. Injin Core i5, ko da tsoho ne, ya wadatar da mai koyo. Celeron da Atom kuwa za su wahalar da kai da zarar layukan sautin waƙarka sun haura goma. Idan kana da ɗan kuɗin gyara abu ɗaya tak, ka sa SSD, domin ita ce take sauya tsohuwar kwamfuta fiye da komai. Sannan ka tabbatar Windows ɗinka mai 64-bit ce, saboda sababbin kayan sauti da yawa ba sa fitowa a 32-bit yanzu. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, sai dai wannan ba zai hana ta haɗa kiɗa ba, musamman a kwamfutar da ba kullum take kan intanet ba.

Wannan matakin kaɗai zai cire maka wasu sunaye daga lissafi. Ableton Live 12, alal misali, tana neman RAM gigabait 8 a ƙalla, kuma ba ta tashi a kan injinan da aka ƙera kafin wajajen 2013. GarageBand da Logic Pro kuwa na kayan Apple ne kawai. Idan Mac gare ka, aikinka ya yi sauƙi: GarageBand kyauta ce, buɗe ta ka fara, sauran bayanin zaɓe bai shafe ka sosai ba.

Mataki na uku: lissafa wuta, da data, da hanyar biya

Waɗanda suke rubuta sharhin manhajoji a Turai ba sa tunanin wannan, mu kuwa dole ne. Duk wanda yake Sudan a watan Fabrairun 2024 ya ga yadda layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, aka daɗe ba sadarwa a wurare da yawa. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ko mai neman a riƙa tabbatar da rajista lokaci-lokaci, za ta iya rufe maka ƙofa ranar da ka fi buƙatarta. Saboda haka ba na ba da shawarar dogaro da BandLab ta shafin intanet a matsayin babbar manhajarka, duk da kyauta ce kuma tana da sauƙi. Haka ma masu biyan wata-wata.

Girman abin saukewa ma abin dubawa ne. Reaper ba ta kai megabait 20 ba. LMMS 'yan gomomin megabait ce. FL Studio kuwa ta kusa gigabait ɗaya, sai ka nemi dare ko wurin da layi yake da ƙarfi, ko ka karɓa a filashi daga wanda ya sauke ta daga shafin kamfanin.

Mataki na huɗu: rage su zuwa biyu

FL Studio ta kamfanin Image-Line ce na ƙasar Beljiyam, ta fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops. Tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa tsakanin matasa masu haɗa kiɗa, kuma da dalili. Kana buɗe ta za ka ga jerin ƙananan akwatuna, kowane layi ganga ɗaya, ka danna inda kake son bugu ya faɗo. Allonta na jera amo, wanda a ciki aka rubuta Piano roll, yana cikin mafi daɗin aiki da na sani. Wanda ya saye ta sau ɗaya, duk sabon fitowa kyauta ne gare shi har abada, kuma ana iya buɗe rajistarta da ɗan fayil ba tare da kwamfutar ta hau intanet ba. Amma ka kiyaye abu biyu. Ta gwaji tana barin ka ka adana aiki ka kuma fitar da shi MP3 ko WAV, sai dai ba za ta sake buɗe abin da ka adana ba sai ka biya. Na biyu, wadda ta fi araha, Fruity Edition, mai kusan dala 100, ba ta ɗaukar murya daga makirufo. Mawaƙi sai ya hau zuwa Producer Edition, wadda kuɗinta ya kusa ninki biyu. Mutane da yawa sun sayi ta farkon suna murna, daga baya suka gane.

Reaper ta kamfanin Cockos ce a Amurka, wanda Justin Frankel ya kafa, mutumin da ya ƙirƙiro Winamp da muka sha jin kiɗa da ita a da. Ana gwada ta kwana 60 ba tare da an rufe ko da ƙofa ɗaya ba, sannan lasisin mai aikin kansa dala 60 ne. Tana gudu a kan kwamfutar da wasu manhajojin za su sanƙare, har a filashi ana iya ɗora ta ka tafi da ita. Wajen ɗaukar murya, da jera 'yan amshi, da haɗa org, ban ga abin kushe ta ba. Rauninta shi ne ba ta zuwa da kayan kiɗa sosai, kuma fuskarta ba ta jan ido. Sai ka ƙara mata kayan sauti, wato ƙananan manhajoji da ake ɗorawa a cikinta, na tsarin VST, wanda kamfanin Steinberg ya fito da shi a 1996. Akwai na kyauta masu kyau irin Surge XT, da Dexed, da Decent Sampler.

LMMS kyauta ce gaba ɗaya, ba gwaji ba rajista, kuma tsarinta ya yi kama da na FL Studio. Tana zuwa da kayan kiɗanta. Amma ba ta ɗaukar murya. Sai ka haɗa kiɗan a ciki, ka fitar da shi WAV, ka kai Audacity ka ɗora waƙa. Hanya ce mai zagaye, amma ga wanda ba shi da ko sisi kuma injinsa ba ƙarfi, hanya ce ta halal da take kaiwa.

Waveform Free ta kamfanin Tracktion ita ma kyauta ce, ba iyaka a yawan layuka, kuma tana ɗaukar murya. Cakewalk Sonar ta kamfanin BandLab ta Windows ce kaɗai, mai ƙarfi ce ƙwarai, amma tana neman rajista da shiga intanet, kuma kamfanin ya sha sauya suna da sharuɗɗan wadda yake bayarwa kyauta. Cubase, wadda ta fito tun 1989, ita ce tsofaffin masu situdiyo da yawa suka saba da ita. Ƙaramarta kan zo a cikin kwalin wasu na'urorin sauti na Steinberg, kamar yadda Ableton Live Lite mai layi 8 take zuwa tare da na Focusrite. Idan kana da irin wannan na'ura sabuwa, duba kwalin tukuna.

Ra'ayina a fili: mai linzami ya gwada FL Studio da LMMS. Mai org da mai ƙasida su gwada Reaper da Waveform Free. Akwai kuma abin da ya fi duk wannan nauyi, wato wa kake da shi kusa. Idan akwai wani malami a unguwarku da ya iya ɗaya daga cikinsu kuma yana da haƙurin koyarwa, ɗauki tasa, ko da ba ita na yaba ba. Yawancin waɗannan manhajoji da Turanci suke magana, akwai kuma darussan bidiyo na Larabci a kan FL Studio da Cubase, wannan ma ka sa shi a ma'auni.

Mataki na biyar: gwada su da kiɗanmu

Nan ne zuciyar aikin. Kowace manhaja tana zuwa da waƙoƙin nuni masu ƙayatarwa, amma duk an gina su ne a kan tafiyar huɗu-huɗu ta kiɗan Turawa. Kada su ruɗe ka. Buɗe sabon shafi fanko a kowace ɗaya daga biyun da ka ware, ka yi mata wannan jarrabawa.

Fara da ganga. Kiɗan mardum na Kordofan da Darfur, da wasu kaɗe-kaɗen kalangu na biki, tafiyarsu uku-uku ce, abin da ake rubutawa 6/8. FL Studio da LMMS suna buɗewa da akwatuna 16, wato huɗu sau huɗu. Nemo inda ake mayar da su 12, ko inda ake sauya ma'aunin gaɓa zuwa 6/8. A Reaper yana nan ƙasa, kusa da lambar saurin kiɗa. Jera bugun dalluka ko tumtum ɗin da ka sani tun kana yaro, ka saurara. Idan ka kasa gano yadda ake wannan a zama ɗaya ko biyu, alama ce.

Bayan haka ka lura da wani maɓalli da ake kira Quantize, mai jan kowane bugu ya zauna daidai kan layi. Yana da amfani, amma idan ka sake masa linzami gaba ɗaya zai kashe kiɗan. Makaɗinmu yakan ɗan riga, yakan ɗan jinkirta, a nan armashin yake. Manhajar kirki tana barin ka ka ce a gyara rabi kawai, ko ka ja bugu ɗaya da hannu ka gusar da shi kaɗan. Gwada ka gani. Ka kuma bambanta ƙarfin bugun, kada kowanne ya faɗo da nauyi ɗaya.

Sai amo. Yawancin waƙoƙin Sudan a kan tsani mai hawa biyar suke, wanda mawaƙan nan ke kira sullam khumasi, kuma kunnen Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Ba mamaki Aisha Falatiya, wadda ta shiga Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta yi waƙa da Larabci da Hausa duka aka karɓe ta. Ga mai koyo wannan sauƙi ne babba: baƙaƙen maɓallan fiyano guda biyar su ne tsanin nan. Buga su kaɗai, ba za ka fita hanya ba. FL Studio tana iya haskaka maka layukan tsanin da ka zaɓa, Reaper kuma tana iya hana ka sa amo a wajensa.

Idan kuwa salonka ya karkata ga na Masar ko Hijaz, mai maƙamai, wato tsanukan amo, irin Rast da Bayati, to kana buƙatar rubu'in amo, wanda yake faɗowa tsakanin maɓallai biyu. A Rast da ya tashi daga C, ana sassauta E da B da kimanin rabin tazarar maɓalli. Org na gabas irin Yamaha PSR-A ko Korg Pa na Larabawa suna da maɓallan wannan a jikinsu. A kwamfuta kuwa sai kayan sautin ya yarda a sauya masa saiti. Surge XT tana yarda, Ableton Live 12 ma ta zo da tsarin hakan. Idan wannan ne kiɗanka, kada ka biya kuɗin komai sai ka ji Bayati ta fito daidai a kunnenka.

Kalangu kuwa, gaskiya ita ce kwamfuta ba ta iya shi sosai. Ganga ce mai magana, ana matse tsarkiyarta a hammata murya ta hau, a sassauta ta sauka. Bugu ɗaya da aka ɗauka aka yi ta maimaitawa ba ya cewa komai. Mafita ita ce ka ɗauki bugu daban-daban, na sama, na ƙasa, mai gangarowa, ka raba su a maɓallai ta hanyar samfula, wato kayan sautin da ke buga abin da ka ɗauka idan ka danna maɓalli. A Reaper sunanta ReaSamplOmatic5000. Abin da ya fi wannan shi ne ka gayyato makaɗi, ka sa masa abin ji a kunne, ya buga a kan kiɗanka, ka sallame shi da haƙƙinsa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake fifita manhajar da take ɗaukar sauti.

Ƙarshen jarrabawar, ɗora murya baiti ɗaya, ka ɗora amshi sau biyu a kanta. Idan kana son gyaran murya irin na waƙoƙin zamani, Reaper tana da ReaTune a ciki, kuma za ka iya cire mata amon da ba ya cikin tsaninka don kada ta ja muryarka zuwa inda ba ka nufa ba.

Mataki na shida: magance jinkiri kafin ka yanke hukunci

Sau da yawa mutum yakan danna maɓalli, sauti ya biyo baya a makare, sai ya ce manhajar ba ta da kyau. Yawanci ba laifinta ba ne. A Windows, shiga saitin sautin manhajar ka zaɓi ASIO, wato hanyar fitar da sauti mai rage jinkiri. FL Studio tana zuwa da nata, sauran kuma ana iya sa musu ASIO4ALL kyauta, idan ba ka da na'urar sauti ta waje mai nata. Za ka ga wata lamba, 128, 256, 512 ko 1024. A ma'aunin ɗaukar sauti na 44,100, lamba 256 tana ba da jinkirin kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa, wanda kunne ba ya damuwa da shi, 1024 kuwa ya haura kashi 23, hannu yana jin sa. Lokacin ɗauka ka sa 128 ko 256. Lokacin gyara da haɗawa ka ɗaga zuwa 1024 don injin ya sarara. Idan ka ji ƙas-ƙas, lambar ta yi ƙasa.

Mai org ya tuna da bayanin farko. Wayar USB ko ta MIDI mai fil biyar umarni take kaiwa, a yawancin org ba ta kai sauti. Idan ainihin ƙarar org ɗinka kake so a waƙar, sai ka ja waya daga mafitar sautinsa zuwa na'urar sauti irin Focusrite Scarlett ko Behringer. Makirufo kuma, a gidan da ake jin raksha da yara da janareton maƙwabta, irin na hannu kamar Shure SM58 ya fi rufa asiri a kan na situdiyo mai neman wutar 48V, wanda yake kwashe duk motsin unguwa. In ka ji wani gurnani a ƙarƙashin murya, zare caja ka ɗauka a kan batir, sau da yawa daga wutar janareto ko inbata yake zuwa. Ka ɗaga bayan kwamfutar iska ta shiga, ka riƙa busa ƙurar fankarta, musamman bayan habub, domin injin da ya ɗau zafi yana rage gudu da kansa.

Mataki na bakwai: tsaya a kan ɗaya

Wadda ka gama jarrabawar nan da ita ba tare da ranka ya ɓaci ba, ita ce taka. Goge ɗayar. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma mai tsalle daga wannan zuwa waccan kullum a darasin farko yake.

Zan yi magana a kan fasassun manhajoji, don na san a shagunan kwamfuta ana ɗora su kamar ba komai. Ɗan'uwa, haƙƙin mutane ne, mu da muke kuka idan an kwafi waƙarmu ba izini bai kamata mu yi wa wasu haka ba. Ban da wannan, su ne babbar ƙofar ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma sukan rufe kansu a tsakiyar aiki. Na san biyan kuɗi ta intanet daga Sudan yana da wuya. Amma kusan kowane gida yana da wani a Makka ko Jidda ko Riyad. Dala 60 riyal 225 ce. Ka tura masa ta hanyar da kuka saba, ya saya da sunanka da adireshin imel ɗinka, ba nasa ba, don lasisin ya zama naka. Kafin hakan ta samu, na kyautar suna nan.

Ranar farko, tun kafin ka buga komai, shiga saiti ka kunna adanawa ta kai-tsaye, kowane minti biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, wuta kuwa ba ta sallama idan za ta ɗauke. Kowace waƙa ka buɗe mata jakarta, ka umarci manhajar ta kwafo duk sautukan da ka yi amfani da su cikin jakar. A FL Studio ana adana aikin a dunƙule cikin fayil ɗin zip, a Reaper kuma akwai akwatin da ake dannawa lokacin adanawa. Ƙarshen kowane mako ka kwafe jakunkunan a filashi ko katin waya, ka ajiye shi a wani wuri daban da kwamfutar.

Idan waƙa ta kammala, fitar da ita iri biyu. WAV don ajiya da kai wa wani situdiyo, waƙar minti huɗu takan kai megabait 40 da 'yan kai. MP3 a kan ingancin 192 kbps don turawa ta WhatsApp, wannan bai kai megabait 6 ba. Kafin ka tura wa kowa, saurare ta a lasifikar waya da kuma ƙaramar sifika irin ta raksha, domin a nan yawancin mutane za su ji ta. Idan ganga ta ɓace ko murya ta nutse, koma ka ɗaga su ka sake fitarwa.